Gangar lantarki

Gangar lantarki kayan kiɗa ne da ake bugawa da sanduna biyu da ƙafafu, kamar jerin gangunan da makaɗan zamani ke zama a bayansu, sai dai ba ta da fata ko kogon ice da ke fitar da amo. A madadinsu akwai fayafayai na roba ko na raga, kowanne da 'yar na'ura mai jin bugu a cikinsa. Na'urar tana mai da bugun ya zama saƙon lantarki, saƙon ya tafi wani ƙaramin akwati da makaɗa ke kira ƙwaƙwalwar ganga, shi kuma ya fitar da sauti ta lasifika ko ta hedifon. Idan mai kiɗa ya sa hedifon, shi kaɗai ke jin cikakken amon gangunan. Na kusa da shi ba sa jin komai sai ƙwanƙwasar sanda a kan faifai da takun ƙafa.

Wannan ne ya sa gangar lantarki ta zama abin koyo da atisaye a cikin gida a ƙasashe da yawa, musamman ƙananan da ake ƙerawa don masu farawa. Tana rage ƙara sosai, amma ba ta kawar da ita gaba ɗaya, kuma yawan abin da maƙwabta za su ji ya danganta da irin faifan da irin fedar da kuma irin ginin da ake kiɗan a ciki. A ƙasar Hausa, inda ake da tsohuwar al'adar ganguna masu magana irin su kalangu da kotso, tana iya koyar da riƙe lokaci da haɗa hannu da ƙafa, amma ba ta maye gurbin koyon waɗannan ganguna.

Tarihi

Tushen fasahar ya faro ne daga binciken da wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, suka yi a 1880. Sun gano cewa akwai wasu duwatsu masu ƙyalli da ke fitar da 'yar wutar lantarki idan aka danne su ko aka buge su. Wannan ɗabi'a ita ake amfani da ita a na'urar fiyezo, wadda ke cikin mafi yawan fayafayan gangar lantarki har yau.

A 1971 Graeme Edge, makaɗin ganga na ƙungiyar Moody Blues ta Ingila, ya haɗa kai da Brian Groves na Jami'ar Sussex suka ƙera ɗaya daga cikin gangunan lantarki na farko, aka kuma yi amfani da ita a faifan ƙungiyar na wannan shekara. A 1976 aka fitar da Syndrum a Amurka, wadda Joe Pollard da Mark Barton suka ƙirƙira, kuma ita ake ɗauka a matsayin ta farko da ta shiga kasuwa. A 1981 kamfanin Simmons na Ingila ya fito da SDS-V mai fayafayai masu kusurwa shida, wadda ta cika kaɗe-kaɗen Turai da Amurka na shekarun 1980. Fayafayanta suna da tauri, har makaɗa da dama suka riƙa kukan ciwon wuyan hannu.

A 1983 kamfanonin kayan kiɗa suka amince da tsarin MIDI, wato hanya guda da kayan kiɗan lantarki na kamfanoni daban-daban za su riƙa aika wa juna saƙo. Daga nan aka iya haɗa ganga da fiyano ko da kwamfuta. Babban sauyi ga masu atisaye a gida ya zo a 1997, lokacin da kamfanin Roland na Japan ya fito da V-Drums masu fuskar raga. Ragar tana mayar da sanda kusan yadda fata ke yi, ga shi ba ta da ƙara irin ta roba mai tauri. Da farko sai manyan ganguna masu tsada ke da ita, amma daga baya kamfanoni irin su Alesis suka sauko da ita zuwa ajin masu farawa.

Sassanta

Jerin da aka saba gani yana kwaikwayon jerin ganguna biyar na zamani. Ya ƙunshi:

- Gangar tsakiya, wadda ke tsakanin gwiwoyin mai kiɗa. Ita aka fi bugawa, kuma sautinta kaifi ne mai ɗan tsatsa.
- Ganguna uku da ake kira tom, waɗanda sautinsu ke sauka daga siriri zuwa mai kauri.
- Gangar ƙafa, wadda ake bugawa da feda, yawanci da ƙafar dama.
- Tagwayen faranti, waɗanda a jerin asali ƙarafa biyu ne da ake buɗewa da rufewa da ƙafar hagu. A ƙananan gangunan lantarki faifan roba ɗaya ne da feda a ware.
- Farantai biyu na roba, ɗaya don riƙe tafiyar kiɗa, ɗaya don bugun ƙarfafawa.
- Ƙwaƙwalwar ganga, da firam na bututun ƙarfe da ke ɗauke da komai, da damin wayoyi, da adafta.

Sau da yawa kujera da hedifon ba sa zuwa tare da kayan, sai an saye su daban. Idan an kafa ta tare da kujera, ƙaramar ganga tana cin fili kimanin mita ɗaya da rabi a faɗi da mita ɗaya da 'yan kai a zurfi, kuma da yawa ana iya naɗe firam ɗinsu a jingine a bango.

Yadda take aiki

Idan sanda ta sauka a kan faifai, girgizar tana kai wa fiyezo, shi kuma ya fitar da wuta gwargwadon ƙarfin bugun. Ƙwaƙwalwar tana auna abu biyu: wane faifai aka buga, kuma da wane ƙarfi. Sai ta zaɓo sautin da ya dace daga waɗanda aka adana a cikinta, waɗanda galibi an ɗauko su ne daga ganguna na gaske a ɗakin ɗaukar sauti. Duk wannan yana faruwa cikin ɗan ƙanƙanin ɓangare na daƙiƙa, yadda kunne ba zai ji tazara ba.

A tsarin MIDI ana auna ƙarfin bugu da lamba daga 0 zuwa 127, kuma kowace ganga tana da lambarta. A tsarin gama-gari da ake kira General MIDI, gangar ƙafa ita ce 36, gangar tsakiya 38, rufaffen tagwayen faranti kuwa 42, kuma an ware tasha ta 10 don kayan bugu. Saboda haka mai gangar lantarki na iya haɗa ta da kwamfuta ta wayar USB, ya buga kiɗa, manhaja ta rubuta kowane bugu, daga baya a sauya sautin ko a gyara inda aka yi kuskure.

Faifai na iya zama mai yanki ɗaya ko biyu ko uku. Mai yanki ɗaya sauti guda yake bayarwa duk inda aka buga shi. Mai yanki biyu yana bambance tsakiya da baki. A wasu farantan kuma, idan aka kama bakin da hannu bayan bugu sautin yana yankewa, kamar yadda ake yi wa farantin ƙarfe.

Ajin masu farawa

Daga cikin sanannun gangunan wannan aji akwai Nitro na Alesis, da TD-1 da TD-02 na Roland, da DTX402 na Yamaha. Samfurin Nitro Mesh, misali, yana da fayafayan raga huɗu masu faɗin inci 8, da farantai uku masu inci 10, da sautuka 385 a ƙwaƙwalwarsa. Abin da ya raba wannan aji da na ƙwararru shi ne ƙanƙantar fayafayai, da ƙarancin yankuna, da rashin bambance bugu mai laushi sosai. Idan aka yi saurin maimaita bugu a faifai ɗaya, ƙaramar ƙwaƙwalwa takan fitar da sauti iri ɗaya a jere, abin da kunne ke gane cewa na na'ura ne.

Babban bambanci tsakanin ƙananan gangunan su kansu yana ga fedar ƙafa. Wasu suna da feda mai guduma, wadda ke dukan wani faifai a tsaye kamar yadda ake yi a gangar asali. Wasu kuma, irin su TD-1K da DTX402K, fedarsu ba ta da guduma, takawa kawai ake yi na'ura ta ji. Mai guduma ta fi koyar da ƙafa yadda ya kamata, amma ta fi ƙara. Maras guduma ta fi shiru, sai dai wanda ya saba da ita zai buƙaci ɗan lokaci kafin ƙafarsa ta zauna a kan fedar gaske.

A Najeriya shigo da waɗannan kaya ake yi daga waje, kuma Legas ce babbar mashigarsu, inda kasuwar Alaba ta yi suna wajen kayan lantarki da na kiɗa. Farashinsu yana bin canjin dala. Wanda zai sayi ta hannu yakan gwada kowane faifai da bugu mai laushi da mai ƙarfi, ya duba ko damin wayoyin na asali ne, domin kowane samfuri da irin nasa, kuma samun madadinsa a arewa ba abu ne mai sauƙi ba.

Yawan ƙarar da take yi

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hirar mutum biyu tana kaiwa kimanin desibel 60, jerin gangunan asali kuwa idan ana buga su da ƙarfi suna wuce desibel 100. Ma'aunin ba ya tafiya kamar ƙidaya ta yau da kullum: ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar sau biyu. A fili, duk lokacin da aka ninka nisa daga inda sauti ke fitowa, yana raguwa da kimanin desibel 6.

Ƙarar gangar lantarki tana fita ta hanya biyu. Ta farko ita ce iska, wato ƙwanƙwasar sanda. Faifan raga yana da laushin sauti, na roba ya fi shi ƙara, kuma a jerin da ke da raga, farantan roba ne suka fi damun na kusa, domin su ake bugawa ba ƙaƙƙautawa. Hanya ta biyu ita ce jikin gini. Duk lokacin da aka taka feda, nauyin ƙafa yana shiga daɓe ya bi bango, sai na ƙasan bene ya ji kamar ana daka a samansa. Irin wannan girgiza mai kauri ba ta jin labule ko rufe ƙofa. Masu zama a benaye sukan magance ta da ɗora gangar a kan katako biyu da aka jera ƙwallayen tanis a tsakaninsu, ko da robobin da aka yi musamman don sawa a ƙarƙashin feda.

Akwai kuma haɗarin da ke kan mai kiɗan shi kansa. Hedifon yana iya zuba wa kunne ƙarar da ta kai ta gangar asali, kuma da yake ba wanda ke ji balle ya yi magana, mai koyo yakan yi ta ƙara sauti bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce sa'o'i 40 a mako yana sauraro a kan desibel 80, yara kuwa desibel 75. Duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da ya halatta da rabi. Lalacewar ji da ƙara ke jawowa ba ta warkewa, kuma alamarta ta farko ita ce kunne ya riƙa ƙugi ko ya toshe bayan an tashi daga kiɗa. Hedifon mai rufe kunne gaba ɗaya ya fi dacewa, domin yana tare ƙwanƙwasar sanda, sai mai kiɗa ya ji komai sarai ba tare da ya ɗaga sauti ba. Na waya ake amfani da shi, saboda na Bluetooth yana kawo jinkiri tsakanin bugu da sauti, wanda ke rikita hannu.

Atisaye a gida

Kusan kowace ƙwaƙwalwar ganga tana da metronom, wato na'urar da ke ƙwanƙwasa lokaci daidai wa daida, ana saita ta da yawan bugu a minti guda. Da yawa kuma suna da darasin da ke nuna wa mai koyo ko ya riga lokaci ko ya makara, da wurin ɗaukar abin da ya buga don ya saurara, da ramin haɗa waya don bin wata waƙa. Waɗannan su ne babban amfanin gangar ga mai farawa, domin mutum ba ya cika gane yana sauri ko yana ja da baya sai ya ji kansa.

Malaman ganga sukan fara da ginshiƙan bugu. Ƙungiyar makaɗa ta Percussive Arts Society a Amurka ta tsara 40 daga cikinsu a 1984. Na farko shi ne dama, hagu, dama, hagu. Sai bugu bibbiyu: dama, dama, hagu, hagu. Sai wanda ya gauraya su: dama, hagu, dama, dama, hagu, dama, hagu, hagu. Ana farawa a hankali, a ƙara sauri kaɗan-kaɗan bayan bugun ya daidaita. Atisayen minti 20 ko 30 kullum ya fi na sa'o'i da yawa sau ɗaya a mako amfani.

Gangar lantarki tana iya sa wa mai koyo wasu ɗabi'u da ba su da kyau. Da yake maɓalli ne ke ƙayyade ƙarar, wanda ke bugu da rauni zai ji sautinsa cike, bai san hannunsa bai yi ƙarfi ba. Raga kuma ta fi fata mayar da sanda, don haka abin da ya zo da sauƙi a kanta yakan yi wuya a gangar asali. Ƙanƙantar fayafayai da kusancinsu su ma suna sa hannu ya saba da gajeriyar tafiya. Shi ya sa malamai ke son ɗalibi ya riƙa samun zama a kan gangar asali lokaci-lokaci. Wanda ba shi da halin sayen jerin gaba ɗaya yana iya koyon ginshiƙan bugu da sanduna biyu da faifan roba guda, wanda ba ya buƙatar wuta.

A gabashin Jihar Sakkwato

Al'adar kiɗa a yankin

Wurno da Rabah da Goronyo ƙananan hukumomi ne da ke gabas da arewa maso gabashin birnin Sakkwato, a ƙasar da kogin Rima da kogin Sakkwato suka ratsa. Wurno ribaɗi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma a nan ya rasu a 1837 aka binne shi. A Rabah aka haifi Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Goronyo kuwa an san ta da madatsar ruwan da aka kammala a kan kogin Rima a 1984. Mafi yawan mutanen yankin manoma ne da makiyaya da masunta, kuma ana noman shinkafa da albasa da tafarnuwa a fadamunsa.

Ƙasar Sakkwato da Zamfara ta fitar da da yawa daga cikin manyan makaɗan Hausa. Salihu Jankiɗi ya riƙe sarautar Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Ibrahim Narambaɗa na ƙasar Isa da Musa Ɗanƙwairo, wanda ya yi wa Sardauna waƙoƙi, da kotso suka yi kiɗa. Muhammadu Bawa Ɗan'anace, wanda ya fito daga ƙasar Gandi a cikin Rabah, ya yi suna da kalangu a waƙoƙin 'yan dambe da na manoma, musamman waƙar Shago. A wannan al'ada kowace ganga da gurbinta: tambari na sarauta ne, kotso da taushi na fada ne, kalangu yana tafiya da mahauta da 'yan dambe da bukukuwa, gangar noma kuma ta gayya ce. Kusan dukansu an yi su ne don a ji su daga nesa.

Kiɗa a nan sana'a ce da aka fi gada. Yaro yakan fara da bin ubansa ko maigidansa wurin wasa, yana amshi ko yana riƙe ƙaramar ganga, har hannunsa ya faɗa. Wannan koyo a bainar jama'a ake yin sa, ba a ɗaka ba. Kiɗan cikin gida mai laushi da aka sani tun da can na mata ne, kamar shantu, wanda ake bugawa a cinya da tafin hannu, amonsa bai cika wuce katanga ba.

Matsayin kiɗa a addini shi ma tsohon batu ne a yankin. A littafinsa Kitab al-Farq, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki sarakunan Hausa na zamaninsa a kan shagaltuwa da kaɗe-kaɗe ba da wata manufa ta shari'a ba, ya kuma ambaci halaccin buga tambari don tara runduna da sanar da tafiyarta ko isowarta. Masanin kiɗa Veit Erlmann ya tattara rubuce-rubucen shugabannin jihadi a kan wannan batu a wani littafi da ya fito a 1986. Har yau malamai suna da mabambantan ra'ayoyi a kai, kuma hedifon yana magance batun ƙara ne kaɗai. Yardar iyaye ko maigida da a shigo da kayan kiɗa gida magana ce daban.

Kiɗan lantarki ya shigo ƙasar Hausa ne ta hanyar fiyano fiye da ta hanyar ganga. Daga shekarun 1990 ɗakunan kiɗa na Kano suka riƙa amfani da fiyanon Casio da na Yamaha samfurin PSR wajen haɗa waƙoƙin fina-finai, inda mutum ɗaya ke fitar da amon ganguna da yatsunsa. Daga baya manhajojin kwamfuta irin su FL Studio suka karɓi aikin. Jerin ganguna na zamani kuwa an fi ganin sa a majami'u da wurin makaɗan sojoji da na 'yan sanda da ƙungiyoyin kiɗa na birane.

Tsarin gida

Shawarwarin da ke zuwa tare da gangar lantarki an rubuta su ne don masu zama a benaye a Japan da Turai da Amurka. A garuruwa irin su Wurno da Rabah da Goronyo mafi yawan gidaje na ƙasa ne, ɗakuna a kewaye da tsakar gida, ga zaure a gaba. Daɓen da ke kwance a kan ƙasa yana shanye girgizar feda, don haka matsalar da ta fi damun masu benaye ba ta da yawa. Abin da ya rage shi ne sautin da ke bin iska.

Bango mai nauyi ya fi tare sauti, saboda haka ɗakin ƙasa mai kauri da rufin soro yana riƙe ƙwanƙwasar sanda fiye da ɗakin siririn bulo mai rufin kwano. Inda ɗakuna ke jere a ƙarƙashin kwano ɗaya ba sili, sauti yana haye bango ta sama. Ƙofar da labule ko asabari kaɗai ke rufe ta kuwa ba ta tare komai. A watannin bazara, lokacin da ake barin ƙofofi a buɗe kuma mutane ke kwana a tsakar gida, bugun da ba a jin sa da rana yana fitowa sarai da dare. Shagon samari da ke waje ko ɗakin da ke nesa da inda ake kwana ya fi dacewa, a shimfiɗa darduma mai kauri a ƙasa don kada feda ta riƙa zamewa. Kauce wa lokutan salla da na karatun allo da na barcin mutane yana cikin haƙƙin maƙwabtaka da aka sani.

Wuta da zafi da ƙura

Ƙwaƙwalwar ƙaramar ganga tana aiki ne da adafta mai volt 9 ko 12, kuma wutar da take ci kaɗan ce ƙwarai idan da hedifon ake kiɗa. Ƙaramar sola mai batir da inbata ta ishe ta. Abin da ya fi yi mata barazana shi ne hawa da saukar wuta, ko ta layi ko ta janareta, don haka ake sa mata abin daidaita wuta, a kuma zare ta idan an gama. Idan adaftar asali ta ƙone, dole madadinta ta dace da volt ɗin da aka rubuta da kuma tsarin bakin wayar, domin kamfanoni sun sha bamban wajen wanda ke ɗauke da wuta tsakanin tsakiyar bakin da gefensa, kuma juya su na iya ƙona ƙwaƙwalwar.

A ƙasar Sakkwato zafi yana wuce digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu. Zafi da hasken rana suna busar da roba har ta tsattsage, suna kuma sassauta gam ɗin da ke riƙe fiyezo. Ƙurar hunturu tana shiga ramukan wayoyi da cikin feda, sai wani faifai ya riƙa ɗaukewa. Ana kare gangar da lulluɓe ta da zane bayan kiɗa, da ajiye ta nesa da taga, da share ta da busasshen ƙyalle. Sanda mai tsagaggen kai tana yaga raga, haka ma gefen guduma mai gashi yana cinye faifan raga na gangar ƙafa, shi ya sa ake juya ta zuwa gefen roba.

Bambancinta da gangunan Hausa

Hausa harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya ke bambance ma'anar kalma. Kalangu yana iya bin wannan kari saboda yadda aka yi shi. Icensa siriri ne a tsakiya, fata a baki biyu, tsarkiyoyi sun haɗa su. Makaɗi yana rataya shi a hammata, idan ya matse tsarkiya fatar ta ɗaure sauti ya hau, idan ya saki ya sauka, har yana iya jan sautin bugu ɗaya daga ƙasa zuwa sama. Da haka ake kaɗa take da kirari, wanda ya san su ya ji sunan wanda ake kira. Kotso ma yana da tsarkiya, amma bakinsa ɗaya ne kuma da hannu ake buga shi.

Faifan ƙaramar gangar lantarki yana jin wuri da ƙarfin bugu ne kawai. Ko da an sa mata sautin da aka ɗauko daga kalangu, kowane faifai zai ba da murya guda a tsaye, ba tare da jan da hammata ke yi ba. Akwai kayan bugun hannu na lantarki, kamar HandSonic na Roland da Wavedrum na Korg, da ke jin dannawar tafi su sauya sauti, amma riƙonsu da motsin jikin mai buga su ba irin na kalangu ba ne. Sandar ma ta bambanta: ta kalangu lanƙwasasshiya ce kuma guda ɗaya, ɗaya hannun yana aiki a kan fata da tsarkiya, alhali jerin zamani miƙaƙƙun sanduna biyu yake buƙata.

Abin da ke ƙetarawa daga wannan zuwa wancan shi ne riƙe lokaci, da jin yadda bugu uku ke shiga cikin biyu, wanda ya yawaita a kaɗe-kaɗen Afirka ta Yamma, da iya saurarar sauran makaɗa. Mai haɗa waƙa a kwamfuta yana iya buga gangar ƙafa da farantai da gangar lantarki, sannan ya gayyato mai kalangu ya ɗora nasa da makirufo. Takardun da suka bayyana gangunan Hausa da sassansu da gurabensu sun haɗa da ƙamus ɗin kiɗan Hausa na David Ames da Anthony King na 1971, da littafin Makaɗa da Mawaƙan Hausa na Sa'idu Muhammad Gusau.